Yadda za ka auna ko ƙaton jirgi zai yi wa kamfani riba ko zai cinye shi

Duk lokacin jigilar alhazai sai maganar nan ta taso a Bauchi da Gombe, musamman in aka samu jinkiri mutane suka kwana biyu uku a sansani suna jiran jirgi, sai ka ji ana cewa ai da kamfanonin nan sun sayo manya-manyan jiragen nan masu bene da tuni an kwashe kowa a sawu kaɗan an huta. Ni kam na fahimci masu faɗin haka, duk wanda ya ga tsohuwarsa zaune kan jaka a sansani cikin zafi ba zai so a yi mishi dogon turanci ba. Amma sayen ƙaton jirgi ba abu ne da ake yanke shi da ganin ido ba, lissafi ne, kuma lissafin ba mai wuya ba ne, kai ma da biro da takarda za ka iya. Shi nake so in nuna maka, ko kana da kamfanin Umara ne, ko kana cikin matasan da ke son shiga harkar jirgi, ko dai kawai kana so in ana gardamar a majalisa ka yi magana da hujja.

Da farko mu san wanne muke nufi da ƙaton jirgi. Guda biyu ne. Akwai Boeing 747 mai ƙusumbi a gaba, wanda alhazanmu suka fi sani tun zamanin Kabo Air har zuwa Max Air, ya fara tashi 1969, ya fara ɗaukar fasinja 1970, kuma an miƙa na ƙarshe a watan Janairun 2023 bayan an ƙera 1,574. Sai Airbus A380 mai bene tun daga gaba har baya, Singapore Airlines ne suka fara aiki da shi 2007, a tsarin da aka saba yana ɗaukar mutum ɗari biyar da wani abu, in an cika shi da kujerun talakawa zalla an amince mishi har 853. Shi ma an daina ƙera shi 2021, guda 251 kacal aka miƙa wa kamfanoni, kuma kusan rabinsu, 123, kamfani ɗaya ne ya karɓa wato Emirates na Dubai. To ka ga tun a nan akwai abin lura, duk wanda ya ce maka a je a sayo sabo fil to babu shi a kasuwa, sai dai na hannu. Dukkansu biyu injin huɗu ne da su, wannan ka riƙe shi don za mu dawo kai.

Abin da za ka fara tambaya shi ne mutum nawa ne ke bin hanyar a ranar da ba a komai. Ba ranar jajibirin sallah ba, ba goman ƙarshe na azumi da kowa ke rububin Umara ba, a'a, wata Talata a tsakiyar damina. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci kuma ita aka fi tsallakewa. Ɗauki jirgi mai kujera 500, ka ce zai tashi sau ɗaya kullum, a sati kujera 3,500 ke nan a tafiya kawai ban da dawowa, a shekara 182,500. Yanzu ka tuna kujerun Hajji da Saudiyya ta riƙa ware wa Najeriya gaba ɗaya daga 2023 zuwa 2025 guda 95,000 ne duk shekara, ƙasa baki ɗaya fa, daga Sakkwato har Legas. Wato jirgi ɗaya tal irin wannan yana neman mutanen da suka kusa ninka alhazan ƙasar nan duka kafin a ce ya cika. In ka rage ka ce kashi 80 cikin ɗari ma ya isa, har yanzu mutum 146,000 kake nema a hanya ɗaya. Sai ka zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah, wace hanya ce daga arewa maso gabas ke da wannan jama'a duk shekara.

Bayan nan sai ka yi lissafin kujerar da ta tafi ba kowa. A ce mutum 280 ne suka sayi tikiti. In ka zuba su a jirgi mai kujera 300 ya cika kashi 93 cikin ɗari, kamfani na murna. Su ɗin dai in ka zuba su a mai 500 kashi 56 ne, kuma mai da matuƙa da kuɗin sauka da kuɗin ratsa sararin ƙasashe duk na ƙaton jirgi za ka biya, don yawancin kuɗaɗen nan da nauyin jirgi ake lissafa su ba da yawan mutanen ciki ba. Duk wanda ya taɓa zama a tashar Gombe Line ko ta Yankari Express ya san wannan, doguwar bas in ta cika ta fi Sharon sauƙi a kan kowane mutum, amma kafin ta cika Sharon uku sun tashi, in kuma aka tayar da ita rabi direba bai fitar da kuɗin mai ba. Masu tallan manyan jirage kullum za su nuna maka cewa kuɗin kowace kujera ya fi araha, kuma ba ƙarya suke ba, sai dai lissafinsu a kan jirgi cike yake. Kai kuma abin da za ka duba kuɗin sawu ɗaya ne gaba ɗayansa, don shi za ka biya ko an cika ko ba a cika ba. Kuma kujerar jirgi ba shinkafa ba ce da za ka mayar sito, da an rufe ƙofa shikenan ta tafi.

Akwai wani abu da ke biyo baya wanda ba a cika faɗa ba. In kamfani ya ga jirginsa ba ya cika sai ya fara karya farashi don ya samu mutane, sai jirgin ya cika amma kuɗin da ya shigo bai kai ba. Don haka kar ka tsaya a "ai kullum cike yake", ka tambaya nawa aka sayar da kujerun.

To yanzu mu zo kan Hajji, tunda nan ne mutanenmu suka fi kafa hujja kuma nan ne lissafin ya fi daɗi. Gaskiya ne a jigilar alhazai babban jirgi na da amfani sosai, lokaci ƙurarre ne, akwai ranar da Saudiyya ke rufe karɓar jiragen alhazai, kuma a filin Jidda da Madina kowane kamfani lokacin sauka ake yanka mishi, in ka rasa naka sai ka jira wani. A ce jiha na da alhazai 2,500, mai kujera 500 sawu biyar ya gama, mai 300 sai ya yi tara. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Amma ka lura da yadda sawun Hajji yake, jirgi ya tashi daga Bauchi cike maƙil, ya sauke a Madina, sai ya juyo ba kowa, in an yi dace a ɗoro mishi ruwan zamzam. Lokacin dawowa kuma a juya, ya tafi wayam ya dawo cike. Wato ko da kowane sawu ya cika babu kujera ɗaya a sake, rabin tafiyar jirgin nan iska yake ɗauka, kuma alhaji ne ke biyan man wannan rabin a cikin kuɗin kujerarsa. Sannan cikar ma ba kullum ake samu ba, duk wanda ya yi aiki kusa da hukumar alhazai ya san matsalar, bizar wasu ba ta fito ba, wasu an kira su ba su iso sansani ba suna can Misau ko Dukku ko Kaltungo suna sallama da dangi, jirgi na ƙasa yana jira lokacinsa na tafiya. Haɗa mutum 300 a dare ɗaya ya fi haɗa 500 sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai babbar tambayar, in an gama. Kusan wata guda ana kaiwa, kusan wata guda ana dawowa, sauran wata goman fa jirgin me zai yi? A nan ne za ka gane dalilin da ya sa kamfanonin jigilar alhazai na nan gida tsofaffin 747 suka riƙa saya ba sababbi ba. Tsohon jirgi an saye shi da araha, ko ya yi watanni a ajiye ba bashin banki mai nauyi a kansa, yana shan mai da yawa amma ba kullum yake tashi ba. Sabon jirgi ko akasin haka ne, farashin A380 a takardar Airbus ta 2018 ya kai dala miliyan 445, ko da an yi maka ragi mai yawa kamar yadda ake yi wa manyan kamfanoni, kuɗin da za ka riƙa biya duk wata ba ya jiran lokacin Hajji, dole jirgin ya wuni ya kwana a sama yana nemo kuɗi. Saboda haka in kana lissafi ka raba gida biyu, jirgi mai tsadar saye yana son aiki kullum, jirgi mai arahar saye yana jure zama amma zai cinye ka a mai da gyara. Wanda ya haɗa tsadar saye da zaman banza ya gama kashe kamfaninsa.

Kuma an gwada fa, ba hasashe nake ba. Malaysia Airlines na da A380 guda shida, da suka ga ba sa cika a hanyoyinsu na yau da kullum sai suka karkatar da su jigilar Hajji da Umara ƙarƙashin wani sashe da suka kira Amal. Maleshiya ƙasa ce mai tsarin Hajji da duniya ke yabawa, ga Indonesiya maƙwabciya mai mafi yawan alhazai a duniya, ga masu Umara duk shekara, amma duk da haka a 2022 suka rabu da jiragen duka shida. In har can bai zauna ba, to mu nan sai mu yi wa kanmu adalci wajen lissafi.

Nisa ma abin dubawa ne. Daga nan yankin zuwa Jidda tafiyar awa huɗu da wani abu ce zuwa biyar, kafin yaƙin Sudan na 2023 ya sa aka rufe sararinsu jirage suka koma zagaye tafiyar ta ƙara tsawo kuɗi ya ƙaru. A380 an ƙera shi ne don tafiyar da ta kai kusan kilomita 15,000 ba tsayawa, gangar jikinsa da fukafukansa da tankunansa duk an yi su ne don wannan dogon zango, in ka sa shi a gajeriyar hanya nauyin nan duka kana ɗauke da shi kana ƙona mai a kansa ba tare da ka ci moriyarsa ba.

Daga nan sai ka bar takarda ka tafi filin jirgi da ƙafarka, ko na Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum ko na Lawanti a Gombe, ka duba da ido. Mutane suna tsayawa a tsawon titin jirgi kawai, alhali shi ne ma mafi sauƙi. Faɗin fukafukan A380 ya kusa mita 80, na 747-400 kuma mita 64 da ɗan wani abu, wannan mita goma sha biyar ɗin da ke tsakani ita ta jefa A380 wani aji daban da ake kira Code F, kuma filin da ke karɓar 747 lafiya lau ba lallai ya iya karɓarsa ba. Ka duba faɗin hanyar da jirgi ke bi daga titi zuwa wurin tsayawa, injinan gefe za su leƙa kan ciyawa su zuƙi tsakuwa ko kuwa. Ka duba inda zai juya a ƙarshen titi. Ka duba in ya tsaya a farfajiya wani jirgin zai samu wurin wucewa. Ka tambayi ƙarfin kwalta, don cike da kaya nauyinsa na iya kaiwa tan 575. Ka tambayi 'yan kwana-kwana matakinsu, don girman jirgi ne ke yanke yawan motoci da ruwa da kumfar da dole a tanada, A380 kuma a mataki na ƙoli yake wato na 10. Sai motar tura jirgi baya, sai injin ɗora kaya, sai matakala. Kar ka raina maganar matakala, a ƙarshen 2015 hoton fasinjoji na saukowa daga jirgi da tsani a filin Bauchi ya zaga ƙasar nan gaba ɗaya, kuma wannan ƙaramin jirgi ne, to ina ga mai bene.

Mai kuma fa. Tankunan A380 na cin lita kusan 320,000, in ka auna da tankar lita 33,000 da muka saba gani a hanyar Jos kusan tanka goma ke nan. Zuwa Jidda ba sai an cika shi ba, amma ko kashi ɗaya cikin uku ne sai ka tambaya akwai ma'ajiyar da za ta ba da wannan a sawu ɗaya sannan gobe ta sake bayarwa, ganin cewa man jirgin nan ta mota ake kawo shi daga kudu. Sannan cikin ginin, mutum 500 a lokaci ɗaya, kantocin duba fasfo nawa ne, bel ɗin kaya nawa ne, kujerun zama da banɗaki da wurin alwala za su ɗauka? Wani abu kuma da mu 'yan arewa bai kamata mu manta ba shi ne hazo. Lokacin hunturu in ƙura ta rufe gari jirgi ya kasa sauka dole ya karkata wani fili, to shi ma wancan filin dole ya zama mai iya karɓarsa. Ƙaramin jirgi ko matsakaici yana da zaɓi da yawa, ƙato zaɓinsa kaɗan ne.

Mu dawo kan injin huɗu. Dalilin da ya sa a da ake yin huɗu shi ne doka ba ta barin mai injin biyu ya yi nisa da filin da zai iya saukar gaggawa, don haka ratsa teku sai mai uku ko huɗu. Da injina suka ƙara inganci sai aka sassauta dokar a hankali tun daga shekarun 1980, yau Boeing 777 da 787 da Airbus A330 da A350 duk injin biyu ne kuma suna zuwa kusan ko'ina. Injin huɗu na nufin gyara huɗu, safaya huɗu, kuma mai a kamfanonin duniya yakan ci tsakanin kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gudanarwa, a nan gida kuwa masu kamfanoni kullum kukansu ya fi haka. Wannan ne ainihin abin da ya kashe kasuwar ƙattin, ba wai mutane ba sa son su ba ne, fasinja kam suna son A380 sosai saboda faɗi da rashin ƙara. Babu kamfanin Amurka ko ɗaya da ya saye shi. Babu na Afirka ko ɗaya. Ethiopian Airlines da ya fi kowa girma a nahiyar nan, wanda ke zuwa har Kano, da 787 da A350 da 777 ya gina kansa. Lokacin korona a 2020 Air France suka ajiye A380 ɗinsu gaba ɗaya, British Airways suka sallami 747 ɗinsu duka.

Sai dala, wadda ita ce ciwon kowane kamfanin jirgi a ƙasar nan. Tikiti da naira kake sayarwa, amma kuɗin haya da inshora da safaya da babban gyaran da ake fita da jirgi waje a yi da horon matuƙa duk da dala ne. Matuƙi ba ya tashi daga wani jirgi ya hau wani haka kawai, kowane samfuri da lasisinsa, kuma lokaci-lokaci sai an tura shi waje ya sake gwaji a na'urar koyon tuƙi. In jirgi ɗaya ko biyu gare ka na wannan samfurin, duk wannan ɗawainiya a kansu kaɗai za ta hau, shi ya sa Emirates mai A380 sama da ɗari yake cin riba inda mai biyar ke wahala. Ka tuna yadda naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yunin 2023, duk wanda ke da bashin dala ya kwana ya tashi bashinsa ya yi tsalle. Ka kuma tuna Emirates ɗin kansa ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗinsa sun maƙale ba dalar fitar da su, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024, kuma da ya dawo da 777 ya dawo. In za ka yi lissafi ka yi shi sau biyu, ɗaya da canjin yau, ɗaya da canjin da ya fi na yau muni sosai, in na biyun ya nuna faɗuwa to ka yi hattara.

Kaya ma ka saka a lissafi, don 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Alkahira da Chana ba da jaka ɗaya suke dawowa ba. Abin mamaki A380 duk girmansa cikinsa na ƙasa bai kai na 777-300ER ɗaukar akwatunan kaya ba, ga shi kuma jakunkunan mutum ɗari biyar sun riga sun cinye wurin. Kuma 747 in ya tsufa ana iya mai da shi jirgin kaya ya ci gaba da nema, A380 ko ba a taɓa yin na kaya ba, shi ya sa na farkon da Singapore Airlines suka mayar bayan hayar shekara goma wasunsu farfasa su aka yi aka sayar da sassan. Don haka ka tambayi kanka, ranar da na gaji da shi wa zai saya.

Ka kuma yi tunanin ranar da ya lalace, don zai lalace, ko tsuntsu ya faɗa inji ko wata na'ura ta ƙi. Jirgi ɗaya mai 500 in ya kwanta mutum 500 sun kwanta, a nemo musu masauki da abinci a garin Gombe cikin dare, a jira safaya daga Turai. In jirage biyu ne masu 250 ko 300, ɗaya ya kwanta ɗaya na aiki. Ni a ganina ƙaramin kamfani da ya zuba duk ƙarfinsa a ƙaton jirgi guda ya ɗauki kasadar da ba ta da dalili.

Ba ina cewa ƙaton jirgi ba shi da wuri ba ne, yana da shi, kuma ya kamata ka san alamominsa don kar ka zama mai musu kawai. Yana biya in kamfani na da cibiya irin Dubai inda ake tattaro mutane daga garuruwa da dama a zuba su a jirgi ɗaya. Yana biya in filin da za ka ya cushe ba a samun ƙarin lokacin sauka, kamar Heathrow na Landan mai titi biyu kacal, inda dole ka yi amfani da ɗan lokacin da ka samu ka kwashi iya kwasa. Yana biya in kana da masu kuɗin da za su cika kujerun alfarma na saman bene kullum, don a nan ribar take. Shi ya sa bayan korona Lufthansa da Qatar Airways da Etihad suka dawo da A380 ɗinsu bakin aiki, ga jama'a sun dawo ga sababbin jiragen da suka yi oda, musamman 777X, an yi ta jinkirin kawowa. Amma ka lura jiragen da suke da su a ajiye suka tayar. In kamfanin da kake dubawa ba shi da ko ɗaya cikin alamomin nan uku to amsar ta fito.

Abin da ni zan ba da shawara ga kamfanin da ke son yi wa yankin nan aiki shi ne ya riƙe matsakaitan jirage masu injin biyu da za su yi Umara da Dubai da Alkahira duk shekara, ya yi amfani da ƙanana wajen tattaro mutane daga Gombe da Bauchi da Yola da Maiduguri zuwa Kano ko Abuja, in lokacin Hajji ya zo ya ɗauko hayar babba na wata biyu ko uku tare da matuƙansa da masu gyaransa da inshorarsa, a gama a mayar wa masu shi. Tsadar awa ɗaya a irin wannan haya ta fi yawa, amma ba ka ɗauke da shi sauran shekara.

Sai dai hayar ma a yi ta da ido buɗe, kuma a nan ba na wasa ko kaɗan. A ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin DC-8 da aka ɗauko haya daga wani kamfanin Kanada don dawo da alhazanmu Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan da tashi daga Jidda, mutum 261 suka rasu babu wanda ya tsira, Allah ya jiƙansu, kuma bincike ya nuna tayoyin da iskarsu ba ta kai ba ne suka jawo, an san da matsalar amma gaggawar kar a makara ta sa aka tashi a haka. Don haka in kai ne ke zaune a teburin da za a sa hannu, ka nemi takardun gyaran jirgin ka ba injiniyan da ka yarda da shi ya karanta ba wanda mai jirgin ya kawo ba, ka tambayi saura awa nawa kowane inji ya shiga babban gyara, ka tabbatar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa wato NCAA ta duba shi kuma Saudiyya ta amince da shi tun kafin a fara kiran alhazai sansani, ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa in ya lalace cikin awa kaza za su kawo wani, kuma a rubuta ƙarara cewa injiniya na da ikon hana jirgi tashi ba tare da wani manaja ya matsa mishi ba. Ka fara neman hayar tun watanni kafin lokaci, don Indonesiya da Pakistan da Bangladesh da sauransu duk a wata ɗaya suke neman irin jiragen da kake nema, wanda ya makara ragowar da aka bari yake samu kuma da tsada.